Na kwance Fijon mahaifinmu, yanzu na kasa haɗa ta

Assalamu alaikum Baba. Ni saurayi ne ɗan shekara 23, shekarata biyu da rabi ina koyon kanikanci a wani gareji a Kano. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar wata tsohuwar Fijo 504 da ta shekara shida a ajiye ƙarƙashin rumfa a gidanmu. A cikinta ya riƙa kai mu makaranta, a cikinta aka kai yayyena mata biyu ɗakunansu. Bayan ƙaramar sallah na ɗaura niyyar tayar da ita. Ban yi shawara da kowa ba, so nake kawai su wayi gari su ji ƙuginta. Cikin mako uku na sauke injin, na warware shi, na cire giya da kujeru da ƙofofi da bonet da tayoyi, na ɗora ta kan duwatsu, ina bin bidiyo a waya. Notuna da kusoshi duk na zuba su a bokitin fenti ɗaya. Da na cire tof, wato murfin saman injin, na juya injin da hannu, sai na ga silif ɗaya, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ya taso. Yau wata huɗu ke nan, kuɗina sun ƙare, kuma ban san ta inda zan fara haɗawa ba. Yayanmu ya ce na lalata dukiyar marayu, domin ba a raba gado ba kuma autanmu shekararsa 12. Har ya kawo 'yan gwangwan sun yi tayi. Mahaifiyarmu ba ta ce mini komai ba, amma ta daina bi ta wajen rumfar. Maigidana a gareji ya ji labari a bakin wani, tun ranar ba ya sakar mini fuska. In ci gaba ne, ko in haƙura a sayar?

Wani ɗan koyo, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara gani a ciki shi ne yaron da yake kewar ubansa, wanda bai samu hanyar faɗa da baki ba sai ya ɗauki sufana. Wannan niyya mai kyau ce, kada kowa ya sa ka ji kunyarta. Amma ka aikata abin da ya taɓa mutum uku, kuma motar ba za ta tashi ba sai ka bi ta kansu.

Kafin komai, daga yau kada ka ƙara kwance ko noti ɗaya. Abin da ya rage a jikin motar a ɗaure, bar shi a ɗaure. Duk abin da yake a mazauninsa yana koya maka yadda ake mayar da shi, ranar da ka cire shi kuwa ka rasa wannan malamin.

Maganar yayanka ta yi maka zafi, na sani, amma a kan gaskiya yake. Tun ranar da mahaifinku ya cika, motar nan ta zama ta magada gaba ɗaya. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya in akwai, mahaifiyarku tana da kashi ɗaya cikin takwas tunda akwai 'ya'ya, in iyayen marigayin suna raye su ma suna da nasu, saura kuma ku raba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Ka ga kowace ƙofa da ka cire, akwai haƙƙin yayyenka mata a jikinta, akwai na autanku. Na manya yana da sauƙi, domin suna iya cewa sun bar maka. Yaro ɗan shekara 12 kuwa ba mai ikon yafe rabonsa a madadinsa, ko uwar da ta haife shi. Shi ya sa nake ganin kalmar “dukiyar marayu” da yayanka ya faɗa ba don ya muzanta ka ba ce kawai. Shi ne babba, shi dangi za su tambaya, kuma wataƙila tsoron ranar hisabi ne yake fitowa daga bakinsa da kamannin faɗa. Inda ban bi shi ba shi ne kiran 'yan gwangwan. Su ƙarfe suke saye a kan kilo, ba ruwansu da cewa giyar tana da lafiya ko fitilun na asali ne. Sayar musu da 504 mai cikakkun kaya asara ce ga marayun da yake son karewa. Kuma shi ma bai da ikon sayarwa shi kaɗai, kamar yadda kai ba ka da ikon kwancewa kai kaɗai.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka same shi a keɓe, ba a gaban ƙanne ko matarsa ba, ka ce masa: “Yaya, na yi kuskure da ban nemi izini ba, ka yi haƙuri.” Kada ka haɗa da “amma”. Sai ka roƙe shi a kira wani kawu ko baffa da kowa yake jin maganarsa, da malamin da ya san rabon gado, a zauna. A samo mutum biyu da suka san kasuwar tsofaffin motoci su yi mata kuɗi, kuma a yi ƙimar a kan yadda take kafin ka taɓa ta: cikakkiya, a ajiye, ba ta tashi. Wannan zai ɗan yi maka nauyi, amma shi ne adalci, domin in darajarta ta ragu a hannunka ta ragu. Daga nan ka nemi a sa motar cikin rabonka. In ta fi rabonka, ka biya cikon a hankali, a rubuta a takarda da shaidu, a fara ware na autanku. Ranar da aka yi haka, ko shekara uku ka yi kana haɗa ta ba mai ce maka don me.

Shirun mahaifiyarku shi ya fi tsaya mini a rai. Ka duba abin da idonta yake gani. Shekara shida motar tana nan da ƙofofinta da kujerunta, ko ba ta motsi, in ta wuce tana ganin kujerar da maigidanta yake zama. Bai cika shekara da rasuwa ba sai ta wayi gari ta ga ƙwarangwal a kan duwatsu, kujerar tana jingine da bango. Kai kana ganin farkon gyara, ita kuwa tana ganin abu na ƙarshe da ya bari ya watse. Uwa takan haɗiye irin wannan don kada ta karya wa ɗanta gwiwa, musamman in ta ga yayansa ya riga ya taso masa. Ka je ɗakinta bayan isha'i, lokacin da gida ya yi tsit, ka zauna a ƙasa ka gaya mata abin da ka gaya mini: so kake ta sake jin ƙugin motar. Ka nemi gafararta, sannan ka tambaye ta abin da take so a yi. Ka shirya jin amsar da ba ka zata ba. Tana iya cewa a gyara, tana iya cewa a fitar da ita daga gidan domin ganinta yana tayar mata da mikin. In ta faɗi na biyun, ka nemi wani wuri ka kai aikin, kada ka ja da ita.

Wannan ya kawo mu kan maigidanka. Shekara biyu da rabi yana koya maka, sai ya ji a bakin wani cewa yaronsa ya sauke injin a gida, waya ce malamarsa. A wajen mai sana'a wannan kamar ka ce masa bai isa ba ne. Ka je gidansa da kanka, kada ka tare shi a gareji gaban sauran yara. In mahaifinka yana da aboki da suka san juna, ka tafi da shi. Ka faɗi laifinka, ka ce ka zo ne a matsayin ɗa, aikin ya fi ƙarfinka. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya koya maka riƙe sufana. Yawancin masu gareji da na sani, fushin irin wannan ba ya wuce gaisuwa ɗaya ta ladabi. In shi ƙwarewarsa a motocin Japan take, kamar yawancin garejin yanzu, ka roƙe shi ya haɗa ka da tsohon bakaniken Fijo. Ta hannunsa za ka je, kada ka tsallake shi karo na biyu.

Yanzu bari mu zo kan ƙarfen, domin a nan nake da albishir. Da wata motar zamani ce mai kwamfuta ka yi wa haka, da na ce ka haƙura. 504 kuwa mota ce da aka ƙera don a riƙa kwancewa ana haɗawa. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma ita ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A 1975 ɗin ne kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma ba a daina haɗa 504 a can ba sai 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta bar ta. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne, shekara talatin ana zuba motar nan a ƙasarmu. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, doguwarta ita ce motar tasha daga Kano zuwa Kaduna, zuwa Maraɗi da Damagaram, a-kori-kurarta ita ce ta 'yan kasuwar ƙauye. Saboda haka kayanta na hannu suna nan a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna, kuma dattawan da suka ci abinci da ita suna raye, wasunsu za su iya haɗa injinta ido a rufe. Su ne dukiyar da bidiyo ba zai ba ka ba, kuma kullum raguwa suke yi.

Silif ɗin da ya taso kada ya hana ka barci. Injin 504 na fetur, ko mai 1796 cc ne ko mai 1971 cc, silif ɗinsa ba a manne yake da bulok, wato gangar jikin injin, ba. Zura shi ake yi, ruwan lagireto yana zagaye shi kai tsaye, a gindinsa akwai abin toshewa da ke hana ruwan gangarawa cikin baƙin mai, kuma tof ne yake danne shi daga sama. Shi ya sa masana, da zarar sun cire tof, suke danne silif da faffaɗan washa da kusa kafin su juya injin. Kai ba ka danne ba, fistin ya turo shi sama, abin toshewar ya saki. Da a ce tof kawai ka cire kana shirin mayarwa a haka, da ka shiga uku, domin ruwa zai haɗu da mai. Tunda dai injin a warware yake, dole dama a fitar da duka huɗun, a goge mazauninsu, a sa sababbin abin toshewa. Inda ba za ka yi kai kaɗai ba shi ne wajen mayarwa. Kowane silif sai ya ɗan ɗara fuskar bulok da wani ɗan tashi da ido ba ya gani, sai ma'auni, kuma dole huɗun su yi daidai da juna. In aka kuskure wannan, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da bulok, zai ƙone komai tsadarsa. Wannan ƙirar ma gata ce gare ka: in silinda ta cinye, ba sai an kai bulok an faɗaɗa ramin ba, sabon silif da fistin da ringi kawai za a zura.

Bokitin fentin nan ya fi silif ɗin damuna. Yawancin notunan jikin mota in sun cakuɗe ba komai, da haƙuri za a gane su. Amma a cikin injin akwai abubuwan da kowanne ya saba da mazauninsa. Kwanrod shi ne hannun da ke haɗa fistin da kiranshaf, babbar sandar da ke juyawa a ƙasan injin, kuma murfin kowane kwanrod tare aka yanka shi da kwanrod ɗinsa, ba ya zama a kan wani. Haka murafan da ke riƙe kiranshaf, kowanne da gurbinsa da fuskar da yake kallo. In aka sauya su, ko dai injin ya ƙi juyawa, ko ya tashi lafiya ya cinye metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, cikin 'yan kwanaki. Ka wanke su ka duba da kyau a hasken rana, sau da yawa akwai lamba ko alamar da aka buga a gefe. In babu, kada ka yi canke, ka kai wa masu aikin kiranshaf su gwada su da ma'auni. Ka kuma riƙe wannan: a injinan Fijo na wancan zamani, silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci, daga baya ake fara ƙirga, saɓanin abin da ka saba gani a Toyota. Yara da yawa sun sha wahalar saitin wuta a kan wannan kaɗai.

Na taɓa zama a wajen wani dattijon bakanike yana sauke tof na 504. Kafin ya taɓa komai sai da ya yago murfin kwali, ya huda ramuka takwas a jere da kusa, ya zana kibiya a gefe ɗaya ya ce nan ne gaba. Duk sandar tura bawul da ya zaro sai ya goge ta da tsumma ya soke ta a raminta. Ya yi wani kwalin na kusoshin tof. Bai iya karatun boko ba, amma kwalin nan ya fi littafi. Abin da za ka yi ke nan yanzu, ko da yake a baya ya kamata. Ka shimfiɗa buhu a wuri mai tsabta, ka juye bokitin, ka wanke komai da kananzir ko dizal, ka ware su bisa tsayi da kauri. Ka tara gwangwanayen madara da ledoji, ka rubuta a jiki. In ka samu mai 504 da ke kan hanya, ka roƙe shi ya buɗe maka bonet ka ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, musamman yadda wayoyi da bututun mai suka bi. Duk fuskar ƙarfe da aka goge sumul, kamar wuyan kiranshaf da cikin silif, ka shafe ta da baƙin mai ka naɗe da leda. Wata huɗu a buɗe, raɓar damina da ƙurar hunturu ba sa jiran a gama rabon gado.

Kada ka sayi ko washa ɗaya tukuna. Mai koyo yakan ruga kasuwa ya sayo ringi da gaskit, daga baya a auna a ga ba girmansu ke nan ba. A fara duba bodi, domin shi ne motar. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba ƙarƙashin ƙafar direba, ƙarƙashin batir, gindin ƙofofi, cikin but, da inda shokoba na gaba suke ɗaure. Ka danna da sukundireba. Busasshiyar iskarmu tana yi wa ƙarfe adalci, amma rumfa mai yoyo takan cinye wuri ɗaya har ya huje. In bodi yana da rai, sai a kai kiranshaf a auna, a duba tof ko ya lanƙwashe, domin na alminiyam ne kuma zafi yana murɗa shi. Bayan nan ne za ka zauna da maigidanka ku rubuta abin da za a saya da kuɗinsa. Ka sa birki a lissafin tun farko. Motar da ta shekara shida a tsaye, robobin birkinta sun bushe, man birkin ya sha ruwa, tankin mai ya yi datti, tayoyin kuma sun tsufa ko da zanensu bai goge ba. Fenti shi ne ƙarshe.

Da wannan takardar a hannu za ka san gaskiyar inda kake. In lissafin ya zo daidai ƙarfinka, ka bi shi daki-daki: injin, sai giya da kuloci, sai birki, sai waya. In gyaran injin ya fi ƙarfinka, akwai hanya ta biyu: ka nemi injin 504 na hannu da aka tayar a gabanka ka ji shi, ka ɗora, motar ta hau titi, shi kuma na mahaifinka ka riƙa haɗa shi a hankali a gareji, ya zama makarantarka. Ni wannan na fi so maka, domin gida za su ga sakamako da wuri, kai kuma ba za ka yi aikin awo cikin gaggawa ba. In kuwa tsatsa ta cinye ƙashin motar, ko magada suka ƙi yarda a bar maka, to a sayar, amma a sayar wa mai Fijo ko mai sayar da kayanta, bayan ka tattara komai ka jera. Ka roƙi a bar maka sitiyarin ko tambarin zakin a cikin rabonka. In hakan ta faru kada ka ɗauka ka ci amanar mahaifinka. Addu'arka ta fi amfanar sa a inda yake.

Abu biyu kuma da ba na so ka yi wasa da su, tunda a cikin gida kake aiki. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko kan bulon siminti, bulo yana fashewa ba sallama. Ka samu ƙafafun ƙarfe ko kututturen itace mai kauri. Kuma kada ka wanke kaya da fetur a gidan da ake hura gawayi, tururinsa yana bin ƙasa ya tarar da wuta a inda ba ka zata ba. In ka zo kan birki, kada ka hure ƙurarsa da baki, ka jiƙa tsumma ka goge, domin tsofaffin takalman birki suna ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu.

A zaman da za ku yi, ka yanka wa kanka wa'adi a gaban kowa, misali wata shida injin ya tashi, in bai tashi ba a sake zama. Yayanka zai fi samun natsuwa in ya ji rana. Ka nemo takardun motar tun yanzu ka gwada lambar da ke ciki da wadda ke jikin bodi, za a buƙace su ko gyarawa aka yi ko sayarwa. Ka riƙa jan autanku a jiki yana miƙo maka sufana, shi ne ya fi ku ƙarancin abin tunawa da mahaifinku.

A wannan makon kuwa, bayan ka duba tsatsar ƙasan, ka samu abokinka ɗaya ku mayar da ƙofofin nan huɗu da bonet, ku sa kujerun a mazauninsu, ku ɗaura tayoyin ku sauke ta daga kan duwatsu. Ba ya cin ko kwabo, yini ɗaya ya isa, kuma ba zai hana aikin injin ba tunda yana waje. Ka wanke ta da sabulu, ka goge gilasan, sannan ka shiga wajen mahaifiyarka. In an auna kiranshaf da tof, ka sake rubuto mini abin da aka samu, mu duba lissafin tare. Ka gaishe mini da ita, Allah ya ƙara mata haƙuri.